Gudun Fanfalaki: Tsakanin Injin Cikin Ɗaki Da Hanyar Burji A Kuje

Tun kafin ladan ya yi kiran assalatu garin Kuje ya riga ya farka. Ma'aikatan da ke kwana a nan suna aiki cikin birnin Abuja, tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka, sun sani sarai wanda ya bari rana ta fito masa a gida, to, a cunkoson motocin Lugbe zai ci hantsinsa. Saboda haka da an sallame sallar asuba sai tasha ta cika, 'yan acaɓa su yi ta kai da kawowa, motoci su ɗauki hanyar filin jirgin sama a jere kamar an koro su.

A cikin wannan hada-hada ne akan hangi mutum ɗaya ko biyu a gefen kwalta, sanye da kayan 'yan wasa, suna ta sassarfa, ba mai korarsu, su kuma ba su korar kowa. Shekarun baya in an ga irin wannan sai a ce soja ne ko ɗan sanda ke neman ƙarin girma. Yanzu kuwa a cikinsu akwai malamin makaranta, akwai akawu, akwai ɗan kasuwar da likita ya ce masa ya rage teɓa ko hawan jini ya kayar da shi. Wasu daga cikin waɗannan abin ya shiga jininsu, har sun ɗaura niyyar shiga gudun fanfalaki, wanda Hausawa ke yi wa laƙabi da gudun yada-ƙanin-wani.

Wuraren gwada ƙwanji kuwa sun samu. Tun shekarar 2016 ake yin babbar gasar fanfalaki ta birnin Ikko, watau Legas, galibi a cikin watan Fabrairu, kuma a watan Afrilu na 1923 da ɗari, watau 2023, aka yi wata gasar ta ƙasa da ƙasa a kan titunan Abuja kanta. Duk wanda ya rubuta sunansa cikin irin wannan gasa ya ɗauki wa kansa aikin wata huɗu ko biyar na shiri. Abin da masu shirin ke gardama a kai shi ne inda za a yi wannan aiki: a kan injin gudu na cikin ɗaki, wanda Turawa ke kira tiredimil, ko kuwa a waje, inda ƙafa ke taka ƙasar Allah.

Nisan da ake magana a kai

Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, watau mil 26 da yadi 385. An samo wannan awo ne daga wasannin Olamfik na birnin Landan a 1908, inda aka tashi daga fadar Windsor aka ƙare a gaban rumfar sarauta cikin filin wasa, sa'an nan a 1921 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta tsayar da shi ya zama doka. Ga mutumin Kuje lissafin ba shi da wuya, kamar a ce ya tashi daga ƙofar gidansa ne da gudu bai tsaya ba sai tsakiyar Abuja.

Wanda takunsa ya kai mita ɗaya zai buga ƙafarsa a ƙasa fiye da sau 42,000 kafin ya kai ƙarshe, kuma kowane bugu yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Bugu da ƙari, abincin da jiki ke ajiyewa cikin tsoka da hanta don aikin gaggawa yakan ƙare wa yawancin mutane wajen kilomita 30. A nan ne ake ganin ƙato ya tsaya tsakiyar titi ya riƙe ƙugu, ƙafafu sun ce ba su san zancen ba. Ashe ke nan shirin fanfalaki ya wuce a koya wa zuciya da huhu haƙuri, sai an haɗa da ƙashi da jijiya da tafin ƙafa, har da tunanin mutum kansa.

Injin da aka haifa a gidan yari

Mutanen Nijeriya da yawa da sun ji an ambaci Kuje ba abin da ke faɗo musu a rai sai gidan yari, abin da ba ya yi wa mutanen garin daɗi, don kuwa Kuje gari ne na Gade da Gwari mai sarautarsa ta Gomo tun kafin a yi mafarkin Abuja a 1976, kuma doya da masara da dawar ƙauyukansa suna cikin abin da ke ciyar da babban birnin. Amma abin mamaki, shi ma injin gudun nan a gidan yari ya yi ƙuruciyarsa.

A shekarar 1818 wani injiniya Baturen Ingila mai suna William Cubitt ya ƙera wata babbar gargare mai matakala a jikinta, aka kafa ta a gidajen yari. Sai a jera fursunoni su riƙe sanda, su yi ta taka matakalar, tana juyawa tana sulluɓewa ƙarƙashinsu, su hau su hau ba su isa ko'ina ba, awa da awanni. A wasu wuraren ana niƙa hatsi ko ɗebo ruwa da ƙarfin juyawar, a wasu kuwa ba a niƙa kome sai ran ɗan fursuna. Sanannen marubucin nan Oscar Wilde ya ɗanɗana wannan azaba bayan da aka ɗaure shi a 1895. Sai da aka yi dokar gidajen yari ta 1898 aka kama hanyar yin watsi da abin, don an ga rashin imaninsa ya yi yawa.

Likitoci ne suka dawo da shi da wata fuska. A birnin Seattle na Amurka, Dokta Robert Bruce ya riƙa ɗora masu ciwon zuciya a kan bel mai tafiya da lantarki, yana ƙara sauri da tudu kaɗan-kaɗan yana auna bugun zuciyarsu, kuma a 1963 ya bayyana tsarin da har yau asibitoci ke bi. A ƙarshen shekarun 1960 wani injiniya, William Staub, ya ƙera irin wanda mutum zai saya ya ajiye a gidansa. Daga nan abin da ake yi wa mai laifi horo da shi ya koma abin da mai kuɗi ke biya don a bar shi ya hau. Duniya ke nan, rawar 'yan mata.

Abin da injin ke iyawa da abin da ba ya iyawa

Akwai masu cewa gudu a kan inji ba gudu ba ne, wai bel ɗin ne ke yi wa mutum aikin. Wannan magana ba ta da tushe. In mutum ya daina jefa ƙafa, nan take injin zai watso shi baya. Masanan da suka gwada takun mutane a kan inji da a kan titi sun tarar bambancin bai taka kara ya karya ba, zuciya kuwa ba ta san ko a ɗaki take ko a daji ba, aikin da aka ba ta shi take yi.

Bambancin farko da aka tabbatar shi ne na iska. Mai gudu a waje yana keta iska da ƙirjinsa, na kan inji kuwa yana nan wuri ɗaya. Wani bincike da masani C. T. M. Davies ya yi a 1980 ya nuna cewa a saurin gwanayen fanfalaki keta iskar nan na cin kamar kashi 2 cikin 100 na ƙarfin mutum. A 1996 kuma Andrew Jones da Jonathan Doust na Ingila suka nuna cewa in aka ɗaga gaban injin ya yi tudu na kashi 1 cikin 100, to, wahalar ta yi daidai da ta waje. Shi ya sa masu horarwa ke yawan faɗin a ɗaga shi haka. Sai dai ga mai tafiya a hankali, wanda ke cin kilomita 9 ko 10 a awa, iskar da yake ketawa ba ta kai a damu da ita ba.

Sauran bambance-bambancen sun fi wannan nauyi, ko da yake ba a cika ambatonsu ba. Bel ɗin inji shimfiɗe yake sumul, yana da ɗan taushi, kowane taku kamar na bayansa. Titi kuwa yana da rami, yana da karkata wajen lambatu, yana da kwana, yana da tsakuwa. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke ƙarfafa idon sawu da agara da ƙananan jijiyoyin da ke riƙe mutum kada ya gurɗe. Har ila yau yawancin injina suna hawa tudu amma ba su gangarawa, alhali kuwa gangara ita ce ke cin cinya. Wanda bai saba da ita ba, in ya sauko daga doguwar gada a kilomita na 25, sai ya ji cinyoyinsa kamar an daka su a turmi.

Akwai kuma batun sanin sauri. A kan inji maɓalli ne ke yanke wa mutum saurin da zai yi, shi nasa bi. Ranar gasa ba maɓalli. Ga dubban mutane, ga kiɗa, ga sowa, jini ya ɗauki zafi, sai sabon shiga ya fita da gudun da ba nasa ba, ya ƙone ƙarfinsa tun kafin rabin hanya. Sanin cewa wannan saurin shi ne nawa, ba tare da an duba allo ba, a kan hanya ake koyonsa, kuma yakan ɗauki watanni.

Ga mai son ya san inda gwanaye suka kai, a watan Oktoba na 2023 Kelvin Kiptum na Kenya ya gama fanfalakin Chicago cikin awa 2 da daƙiƙa 35, watau yana cin kilomita 21 a kowace awa. Injinan gida da yawa ko an murɗa su har ƙarshe ba su kai wannan sauri ba. Allah bai yi wa yaron tsawon kwana ba, ya rasu a haɗarin mota a watan Fabrairu na 2024 yana da shekara 24.

Dukiyar da ke bayan gari

Daga 2016 zuwa 2025 ba a taɓa samun namijin da ya zo na ɗaya a gasar Ikko ba sai haifaffen Kenya ko na Habasha. Ya kamata a tambaya, a kan me waɗannan mutane ke yin shiri? A garin Iten da Kaptagat na Kenya, da Bekoji na Habasha, mafi yawan gudunsu a kan hanyar jar ƙasa suke yinsa, tsakanin gonaki da dazuzzuka, da sassafe, cikin ƙungiya. Eliud Kipchoge, wanda ya ci zinariyar Olamfik a 2016 ya kuma sake ci a Japan, da kuɗinsa da sunansa, a irin wannan hanya ya yi yawancin rayuwarsa ta gudu. Tun kafin su, Abebe Bikila na Habasha ya ci fanfalakin Olamfik a birnin Rum a 1960 ba ko takalmi a ƙafarsa, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16.

Dalilin son jar ƙasa a fili yake. Ta fi kwalta taushi, saboda haka mutum na iya tara kilomita masu yawa a mako ba tare da ƙwauri da gwiwa sun yi ƙara ba, kuma ba ta da santsin inji, tana sa ƙafa aiki ta kowane gefe. To, irin wannan hanya ita ce Kuje ke da ita har ta yi yawa. Da an bar cikin gari aka nufi wajen Chibiri ko Gaube ko Kwaku, sai hanyoyin burji da na gona su rarrabu ta ko'ina, ga hawa ga gangara, ga inuwar mangwaro da kashu. Mazaunin Maitama ko Wuse sai ya shiga mota ya je bakin tafkin Jabi ko harabar babban filin wasa na Moshood Abiola kafin ya sami inda zai miƙe ƙafa, shi ma a kan kwalta ko siminti. Na Kuje kuwa abin yana bayan gidansa, kyauta.

Abu ɗaya da Kuje ba ta da shi shi ne tsawo. Iten tana kan tudu na mita 2,400 daga bakin teku, inda iska ba ta da kauri, jini kuma ya saba ɗaukar kaya da ɗan abin da ya samu. Filin jirgin saman Abuja da ke maƙwabtaka da Kuje bai wuce mita 350 ba. Wannan ne ya sa gwanayen dogon gudu na Nijeriya galibi daga Jihar Filato suke fitowa, musamman wajen Jos da Pankshin, irin su Deborah Pam da Emmanuel Gyang da Iliya Pam, waɗanda suka sha zuwa gaban sauran 'yan ƙasa a Ikko. Bajintar da Abbas Mohammed ya kafa a 1990, awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, ta yi fiye da shekara 30 ba ɗan Nijeriyar da ya karya ta. Ba inji ba ne zai rufe wannan rata, don ba rashinsa ya buɗe ta ba.

Amma hanya ba ta da tabbas

In da zancen ya tsaya a nan da an ce hanya ta yi nasara, a tashi. Sai dai wanda ya taɓa fita gudu da duku-duku a Kuje ya san akwai sauran magana. Babbar hanyar da ta shigo gari da wadda ta nufi Gwagwalada suna ɗauke da tifofin yashi da na dutse, ga 'yan acaɓa, kuma a wurare da yawa ba a bar wa mai tafiya a ƙasa gefe ba. Direban da ya fito cikin duhu yana sauri ya riga cunkoso ba ya tsammanin ganin mutum yana gudu a bakin kwalta. Dole mai gudu ya bi ɓangaren da zai fuskanci motocin da ke tahowa, ya sa riga mai haske, ya kuma cire abin sauraren waƙa daga kunnensa.

Hanyoyin gonar kuma da aka yaba, suna da nasu. Ba a manta da daren 5 ga Yuli 2022 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka fasa gidan yarin Kuje ɗaruruwan fursunoni suka tsere, kuma an sha jin labarin satar mutane a wasu hanyoyin ƙauyukan yankin. Mutum ɗaya tilo, kilomita 15 daga gari, kafin gari ya waye, ya ba da kansa ne. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a fita cikin ƙungiya, a jira haske ya bayyana, a zaɓi zagaye gajere kusa da gari a yi ta maimaita shi maimakon a nausa daji, a kuma bar wa mutanen gida labarin inda aka nufa. Dagatai da manoman da ke kan hanyar su san fuskar mai gudu, sallama ba ta rage sauri.

Ga mata abin ya ninka. Macen da ta fito gudu a titi, ko da ta rufe jikinta ruf, tana shan kallo da maganganu, wani lokaci har da bin baya. Da yawa daga cikin matan aure da 'yan mata ba za su sami izni ko sukunin fita ba sam. Ga irin waɗannan, inji a cikin gida ko a gidan motsa jiki mai keɓe lokacin mata shi ne kaɗai ƙofa, kuma ba ƙaramar ƙofa ba ce. Ingrid Kristiansen ta ƙasar Norway, wadda ƙanƙara ke rufe wa hanya watanni a shekara, ta riƙa yin wani kashi na shirinta a kan inji cikin gidanta, kuma a 1985 ta kafa bajintar duniya ta mata a Landan, awa 2 da minti 21 da daƙiƙa 6, wadda ta yi shekara 13 ba a taɓa ta ba.

Hunturun Kuje da zufar Ikko

Akwai wani amfani na injin da masu shiri a Arewa ba su cika lura da shi ba, kuma mai yiwuwa ya fi sauran duka. Wanda zai shiga gasar watan Fabrairu, in ya ƙirga mako 16 baya, zai fara shiri ne a watan Oktoba, daidai ɗaukewar ruwa. Watau mafi nauyin aikinsa zai faɗo cikin Disamba da Janairu, tsakiyar hunturu. A lokacin asubar Kuje sanyi gare ta, iska a bushe take ƙamas, gumi na fitowa yana bushewa nan da nan, mutum ya yi kilomita 25 ya ji kamar bai yi kome ba. Sai ya ɗauka ya gama shiri.

Ranar da ya sauka Ikko sai ya tarar da wata duniya. Iskar bakin teku cike take da laima, gumi na zuba amma ba ya bushewa, alhali bushewar gumi ita ce hanyar da jiki ke fitar da zafi. Zafin jiki ya hau, zuciya ta ƙara bugu don ta kai jini fata, saurin da ya saba yi cikin sauƙi a hanyar Gaube ya zame masa dutse. A shekarun farko na gasar ana tashi ne daga babban filin wasa na Surulere a haye gadar nan ta uku mai tsawon kusan kilomita 12, inda ba inuwar ko da itace ɗaya, a ƙare a Eko Atlantic. Wanda zai yi awa huɗu ko biyar a hanya, rana za ta same shi ko da an tashi da sassafe.

Wannan ba abin wasa ba ne ko ga gwanaye. A gasar duniya ta birnin Doha a 2019, da tsakar dare aka tashi fanfalakin mata don gudun zafi, duk da haka mata 28 cikin 68 ba su kai ƙarshe ba. Abin da aka gani a nan ne ya sa aka ɗauke fanfalakin Olamfik na Tokyo aka kai shi Sapporo, can arewacin Japan.

Jiki yana iya koyon zafi. In mutum ya yi kwana 10 zuwa 14 yana motsa jiki cikin zafi da laima, ruwan jininsa yakan ƙaru, gumi ya riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke fita cikinsa ya ragu. To, a tsakiyar hunturu ina mutumin Kuje zai sami laima? A cikin ɗaki. Mai gudu a kan inji ba iskar da ke kaɗa shi, zufarsa na taruwa kewaye da shi, ɗakin ya yi ɗumi ya yi danshi. Abin da ake ƙi game da injin shi ne a nan ya zama magani.

An ga misalin haka a Amurka a shekarar 2000. Wata likita mai suna Christine Clark, mai shekara 37, mazauniyar birnin Anchorage na Alaska inda ƙanƙara ke rufe ko'ina, ta yi yawancin shirinta a kan inji cikin ɗaki mai ɗumi. Da aka zo gasar zaɓen wadda za ta wakilci ƙasar a Olamfik, a Jihar Carolina ta Kudu, sai ranar ta zo da zafin da ba a zata ba. Sanannun gwanaye suka yi ta narkewa, ita kuwa da ba a sa ta a lissafi ba ta wuce su ta zo ta ɗaya cikin awa 2 da minti 33 da daƙiƙa 31. Amma a yi hattara, irin wannan horo a hankali ake shigarsa, minti 30 ko 40 da fari, da ruwa a kusa, kuma da an ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya a sauka. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon sukari kada ya fara sai ya ga likita. Mai gudu cikin zafi na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa guda.

Hunturu na da wata matsalar kuma, ita ce ƙura. Ranar da hazo ya sauko har ba a hangen ƙarshen layi, mai gudu yana zuƙar iska ninkin-ba-ninkin na mai zaune, galibi ta baki, ƙurar kuwa har cikin huhu. Mai asma ko mai yawan mura ya fi kowa sanin sakamakon. A irin wannan rana shiga ɗaki ya fi.

Sai kuma azumi. Watan Ramalana yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara: na 2025 a farkon Maris, na 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, na 2027 wajen farkon Fabrairu, na bayansu kuma cikin Janairu. Ke nan shekaru da dama azumi zai riƙa haɗuwa da makonnin ƙarshe na shiri, ko da gasar kanta. Mai azumi ba shi da lokacin gudu mai tsawo sai bayan an sha ruwa, galibi bayan asham, lokacin da hanyar gona ba ta biyuwa. A nan ma injin ya samu wurin zama.

Wuta da aljihu

Duk wannan yabo yana rataye ne a kan waya ɗaya, ta lantarki. Injin gudu na aiki da mota mai jan wuta, ƙaramin janareta irin na mai shagon cajin waya ba ya ɗaukarsa. In aka ɗauke wuta mutum na tsakiyar gudu, bel ya tsaya, wanda bai yi sa'a ba sai ya ci da ƙirji a kan allon gabansa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin farko zuwa Naira 225 kowane ma'auni a watan Afrilu na 2024, masu gidajen motsa jiki suka shiga lissafi, lissafin kuwa a kan mai biyan kuɗin wata yake ƙarewa. Injinan da ake shigowa da su na hannu kuma sau da yawa awonsu ya goce, allo na cewa kilomita 12 a awa alhali bel ɗin bai kai haka ba, ƙurar hunturu kuma na shiga ƙarƙashinsa tana cinye shi in ba a share ana sa masa mai ba.

Saboda haka ga malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci da ke tunanin tara kuɗi ya sayi inji don fanfalaki, gara ya sa kuɗin a takalmi mai kyau, ya canza shi in ya ci kilomita 600 zuwa 800, ya kuma ci abinci. Doya da tuwo da wake da ƙwai ba su yi wa Kuje wuya ba. In yana bukatar inji, ya biya na 'yan makonni a gidan motsa jiki ya wadatar.

Yadda mai hankali zai raba makonsa a bayyane yake. Dogon gudu na ƙarshen mako, wanda ake farawa daga kilomita 12 ko 15 a riƙa ƙarawa har a kai 30 ko 32, wannan na waje ne, ba a sayar da shi, don a nan ne ake koyon shan ruwa ana tafe, a gane inda takalmi ke yin bororo, a saba da kaɗaicin awa uku. Yawancinsa a kan burji, amma a cikin wata na ƙarshe a mai da wani kashi kan kwalta, tun da a kan kwalta za a yi gasar, ƙafar da ta saba da taushi kaɗai za ta sha mamaki. Gudun tsakiyar mako gajere, na ranar hazo, na daren azumi, da na wanda ke farfaɗowa daga rauni, waɗannan inji na iya ɗauka. Sa'an nan a makonni biyu ko uku na ƙarshe, lokacin da ake rage nisa don jiki ya huta, a shiga ɗaki sau uku ko huɗu a mako a kashe fanka, a yi gudu marar tsanani ana zufa.

Wanda ya sami hali ya isa Ikko kwana uku ko huɗu kafin ranar, ya fita da safe ya ɗan taka a unguwar da ya sauka, ya ji yadda iskar take. Wanda bai samu ba, ya shigo motar dare ya sauka ana gobe gasa, to, ya rage saurin da ya saba yi a Kuje da kamar rabin minti a kowace kilomita tun daga farko, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan a kowace rumfa ko bai ji ƙishi ba, ya kuma zuba saura a ka.